Ranar da dangi suka cika gidan Yaya Rabi

Shekara shida ke nan da rasuwar yayata Rabi, kuma har yau ɗanta Sadiku yana layin jiran gurbi a gidan kula da yara masu naƙasar ƙwaƙwalwa. Wannan makon dangi sun yi ta turo mini addu'o'i a waya. Na gode, amma ni kam fushi nake yi.

Ita kaɗai ta raini yaron nan a ɗakuna biyu a unguwar Harra ta Gabas bayan mijinta ya rasu. Ba ya magana, ba ya cin abinci da kansa, in an yi sakaci da ƙofa sai a tsinto shi a titi. Da ciwon ƙoda ya kama ta, ta cire kunya ta je ta rubuta sunansa. Aka ce za a turo ma'aikaciya ta ga halin da suke ciki, don da shi ake sanin wanda za a fara ɗauka.

Labari ya zagaya. Mu kuwa kun san mu, ba ma yarda baƙo ya ga tsiraicinmu. Dangin da suka yi wata da watanni ba su leƙo ba suka cika gidan tun safe. Aka share, aka turara, aka ɓoye katifar da yake jiƙawa, aka sa masa farar jallabiya, aka jera gahawa da dabino. Da ma'aikaciyar ta zo ta tambaya wa ke taimakon Yaya, Kawu Idi, ƙanen babanmu, ya riga kowa amsawa daga bakin ƙofa.

"Alhamdu lillahi, ma fi mushkila, babu matsala. Yaron nan namu ne mu duka."

Ina garin Yanbu a lokacin, inda maigidana ke aiki. Yaya ce ta ba ni labari a waya. Ta ce ta yaya za ta ƙaryata babba a gaban baƙuwa? Matar ta rubuta abin da ta gani, gida mai tsabta da dangi masu yawa, sunan Sadiku ya koma baya. Kafin la'asar kowa ya watse, ko kofunan ba su wanke mata ba.

Ban yafe wa tsarin da ke auna wahalar shekaru da ziyara ɗaya ba. Amma mu ne muka yi wa wahalar kwalliya. Da Yaya za ta ga yau, za ta tarar an daina zuwa ofis, ta waya ake duba layi, amsar dai ita ce ta da: a jira. Za ta tarar Sadiku ya fi ni tsawo da ƙarfi, yana gab da wuce shekarun da ake karɓar yara, kuma a gidana yake a unguwar Ranuna. A cikin masu cewa nasu ne, ba wanda ya taɓa ɗaukarsa ko na wuni guda.

Abin da ta bari yana nan a jikinsa. Ita ta koya masa miƙa hannu in yana son ruwa, har yau da haka muke gane ƙishirwarsa. Haƙurinta kuma da ake ta yabo, ni ban gaje shi ba, ba na ma so.

An ce za a sake turo ma'aikaciya. Kawu ya kira yana tambayar ranar, wai don su zo su rufa mini asiri. Na gaishe shi da ladabi, na ce: "Kawu, ku zo. Amma duk wanda ya ce yaron nasa ne, da shi zai tafi."

Har yanzu bai sake kira ba.