Ƙwarin Gonar Kawu

Duk abin da Allah Ya halitta a duniya, ƙanwata ta rasa wanda za ta karanta a jami'a sai wasu ƙwari na cikin ƙasa da ba su kai ƙwayar gero ba. Ba su cizo, ba su ɓarna a gona, ruɓaɓɓen ganye suke ci. Wata 'yar wutsiya gare su naɗe ƙarƙashin ciki, da ka kai hannu sai su sake ta su yi tsalle, ka neme su ka rasa. Ta ce a ido duk kamarsu ɗaya, sai an yi musu gwajin ƙwayar halitta sannan a gane ashe dangi-dangi ne.

Na ce, "Wato irin gwajin da ake yi wa yaro in an yi musun uba? Su kuma wa ya yi musun ubansu?"

Ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Yaya, ƙasa nake so mai danshi, wadda ba a cika yi wa feshi ba."

Ni malamin makaranta ne a Talata Mafara, ko kunyar noma ɗaya ba ni da ita. Amma Kawu, ƙanen mahaifiyarmu, yana noma gero da gyaɗa a wani ƙauye wajen Janbako. Gonar gado ce, ita ce cinsa ita ce shansa. Da damina ta zauna na goya ta a babur muka tafi, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, don hanyar Maradun za mu bi, kowa kuwa ya san halin da take ciki da 'yan bindiga.

Aikin nata ba wani mai wuya ba ne. Wani guntun bututun ƙarfe take kafawa, ta ciro ƙasa, ta zuba a leda, ta ɗaure, ta ɗaga waya sama ta ɗauki alamar wurin. Masu wucewa suka riƙa tsayawa. Gaisuwar ta fi ta kullum tsawo: ina gajiya, ya ruwa, ya iyali, ya aka ji da hanya. Bakinsu na gaida Kawu, idonsu na kan ledojin.

Ran kasuwa na je sayen nama, mahaucin da muka saba ya ƙara mini tsoka, ya rage murya ya ce, "An ce kun dace, malam. In ta fashe kar a manta da mu."

A ƙasarmu mutum ba ya tona rami ya ƙulla ƙasa a leda don ƙwaro. Zinare kawai ake yi wa haka. Kuma duk inda aka ambaci zinare, mutanen daji ne ke fara ji. Su zo da bindigogi su karɓe wurin, su sa mai gonar haƙa a gonarsa.

Da yamma Kawu ya kira. Ya ce wasu baƙi a kan babura sun tsaya bakin gonar sun tambayi ta wa ce. Ya ce, "Ka dawo mini da ɗiyar nan, ta gwada ma mutane abin da ta ɗiba. Su gani da idonsu."

Muka koma. Bayan la'asar aka taru gindin tsamiyar ƙofar masallaci. Ƙanwata ta ce hanya mafi sauƙi ita ce a zuba ƙasar a ruwa, don ƙwarin ba su nutsewa. Aka kawo kwanon sha. Ta juye ƙasa, ta zuba ruwa, ta riƙe kwanon da hannu biyu tana kaɗawa a hankali, tana karkata shi wajen haske.

Ita yarinyar boko ba ta taɓa zuwa inda ake wankin zinare ba. Ni na taɓa gani, su ma duk sun gani. Haka ake riƙe kwanon, haka ake kaɗa shi, ba bambanci ko kaɗan.

Ƙwarin kuwa sun taso, kamar an barbaɗa toka a kan ruwan, suna ta tsalle. Tana cewa, "Ga su nan, ku duba." Ba wanda ya dubi saman ruwan. Wani dattijo ya ce, "Tsiyaye ruwan mu ga ƙasan." Ta tsiyaye. Yashi ne, da 'yan ƙyalƙyali irin na kowane yashi bayan ruwa. Na dinga rantsuwa, ina ƙara rantsewa suna ƙara gyaɗa kai, irin gyaɗa kan da ake yi wa mai wayo.

Ba a daɗe ba aka fara wayar gari da ramuka a gonar, gero kwance, gyaɗa a tumɓuke. Masu wannan haƙar na gida ne, maƙwabta. Sai kuma saƙo ya zo daga daji, wai ana son ganin mai gonar. Kawu bai tsaya jin sauran ba. Ya kwaso iyalinsa da buhun gero ɗaya da akuya, suka sauka gidana. Geron da ya rage a tsaye ya nuna ya zube, ba mai yanka.

Bayan watanni ƙanwata ta kira. Sakamako ya fito. Ta ce ƙwarin da ake ɗauka iri ɗaya ne ashe iri-iri ne, har da wanda bai yi daidai da kowanne da aka taɓa gwadawa ba. Tana faɗa tana kuka, don ta san inda Kawu yake kwana.

Na same shi a zaure yana gyara igiyar akuya, na gaya masa. Ya saurara har na gama. Ya ce Allah Ya sa alheri, Allah Ya ba ta sa'ar karatu. Ya daɗe yana murza igiyar. Sannan ya leƙa ƙofa, ya matso kusa da ni, ya ce a hankali, "Yanzu mu biyu ne. Tsakaninka da Allah, babu zinaren?"