Malam Nasrullahi Ya'u da Shafinsa na Lafiya

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Nasrullahi a shekarar 1971 a Ƙofar Galadima cikin birnin Zazzau, ɗa ne ga Malam Ya'u maɗinkin riguna da Malama Asama'u. Bayan saukar Alƙur'ani da kammala sakandare, ya karanci ilimin tsara ɗakin karatu a jami'a, inda ya fito a 1996 da son tsari mai wuce kima, har abokai na tsokanarsa cewa ko takalman masallata ya gani sai ya jera su.

Aure da Aiki

Ya auri Tayyiba Sabo a 1999. A 2014 wata ƙungiyar lafiya da ke Tukur-Tukur ta ɗora masa alhakin tsara shafinta na intanet da Hausa, sai ya jera cututtuka baƙi bayan baƙi, kowace da sunan da likitoci ke kiranta da shi, kamar kantar littattafai. Wata ma'aikaciyar jinya, Malama Radiya, ta ja hankalinsa a taro: "Malam, wanda ya san sunan ciwonsa ai ya riga ya ga likita. Mutanenmu abin da suke ji a jiki shi suke rubutawa." Ya ce shafi ba zauren hira ba ne, aka yi dariya, kuma abin kunya ne a rubuta cewa babu wanda ya goyi bayanta.

Shekarar 2017

A wannan shekara Tayyiba ta ji wani ƙullutu a ƙirjinta, nauyin baki ya hana ta gaya wa mijinta. Sau uku ta rubuta "ƙullutu a nono" a wurin bincike na shafinsa, sau uku shafin ya ce babu komai, alhali cikakken bayani yana nan ƙarƙashin sankara, kalmar da ko a ranta ba ta zo ba. Ba ta je asibiti ba sai bayan wata goma, lokaci ya riga ya ƙure, ta rasu a watan Maris 2018. Bayan arba'in ƙanwarta Mariyamu ta shaida masa: "Yaya cewa ta yi, tunda shafin Malam bai san abin ba, to ba komai ba ne."

Ƙarshen Rayuwa

Ya taka har gida ya nemi gafarar Malama Radiya, sannan ya shafe shekara biyar yana zama a bencin asibiti yana rubuta yadda marasa lafiya ke faɗin ciwonsu, ya sake gina shafin a kan kalmominsu. Da ƙungiyar ta so karrama shi a 2022 ya ƙi zuwa, kuma ya yi wasiyya kada a tsallake 2017 in an zo rubuta tarihinsa, ko da dangi sun so.

Rasuwa

Allah ya karɓi ransa ranar Laraba, 6 ga Nuwamba 2024, aka yi jana'izarsa bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar unguwarsu. Allah ya gafarta musu, shi da Tayyiba. Ya bar 'ya'ya huɗu: Suhail, Haidar, Ummukulsum, da auta Ibtisam, wadda ba ta san fuskar mahaifiyarta ba sai a hoto.