Injin da Ya Kwana Shida Yana Jiran Mai Shi

Akwai wata Juma'a da ko tsufa ya ci ƙarfina har na fara rikita sunayen jikoki, ba na jin za ta fita daga raina. Ita ce ranar da na gano cewa wani ɗan akwati da na cire wa alama a kwamfuta, wanda bai kai ƙwayar wake girma ba, ya sa dattijo mai shekara saba'in yana ɗibar ruwa da bokiti a bakin tabkin Kalmalo.

Yayana yana da shagon gyaran injin ban ruwa a nan Illela. Manoman rani daga Kalmalo da Tozai da Lafani, har da na tsallaken iyaka, duk nan suke kawo injinansu. Ni kuwa a lokacin na dawo daga Sakkwato da takardar karatun kwamfuta, kaina ya kumbura, ina ganin duk abin da ba a allon na'ura yake ba shirme ne. Babban makanikin shagon wani dattijo ne mutumin Konni, muna ce masa Kawu duk da ba mu haɗa jini ba. Shi ke karɓar aiki. Idan aka kawo inji, kafin ma ya taɓa shi sai ya tambayi wanda ya kawo: "Mi anka shuka? Yaushe anka yi dashe?" Idan ya ji amsa sai ya yagi tsumma ya ɗaura a hannun injin, ja ko fari. Na tambaye shi ma'anar hakan sau ɗaya, ya ce ja shi ne wanda gonarsa ba ta iya jira. Na yi dariya na ce, "Kawu, wannan ai aikin boka ne." Ya dube ni ya ci gaba da goge fulogi.

Na matsa wa Yaya har ya yarda muka ɗauki manhajar bibiyar aiki. Ta zo da matakai uku kacal: sabon aiki, ana yi, an gama. Na ce wannan bai ishe mu ba, na zauna kwana biyu ina tsara namu. Na sa "An karɓa", "An kwance an duba", "Jiran kaya daga Sakkwato", "Jiran amsar mai shi", "An gwada da ruwa", da "An miƙa". Na haɗa kowane mataki da saƙon tes da zai tafi wayar mai inji da kansa. Gaskiya abin ya yi kyau, kuma na sha yabo har na ƙoshi. Karɓar aiki ma ta dawo teburina, na tattara tsummokaran Kawu na zuba a kwali.

A gefen kowane mataki akwai ɗan akwatin da ke tambaya ko aikin da ke wannan mataki ya riƙa fitowa a jerin ayyukan yau. Kullum da safe ina buga wannan jerin a takarda in manna a bango, shi kowa yake bi. Da Yaya ya yi ƙorafin jerin ya yi tsawo, sai na duba na ga ai "Jiran amsar mai shi" ba aikinmu ba ne, nauyi ya koma kan mai inji. Na cire alamar. Jerin ya gajarce, Yaya ya ce madalla. A raina na ƙudurta cewa duk wanda injinsa ya daɗe zai zo ya yi mana tsiya da kansa, tunda haka na saba gani a birni.

Wata Asabar a tsakiyar lokacin dashen albasa, Yaya ya tafi Kano sayo kaya, wani ɗan kabu-kabu, mai haya da babur, ya sauke mana inji. Na tambaye shi suna da lambar waya, domin su kaɗai fom ɗina yake nema. Ya ba ni nasa, ya ce daga Kalmalo aka aiko shi. Kawu ya kwance injin ya ga gidan farfela ya tsage: ko dai a yi walda ya lallaɓa ya kai ƙarshen rani, ko a sa sabo. Ya ce a tambayi mai shi wanne yake so. Na danna "Jiran amsar mai shi", saƙo ya tafi, injin ya ɓace daga jeri, aka ɗaga shi zuwa kantar baya. Ranar Litinin Kawu ya leƙo ya ce, "Ɗiyata, mutumin Kalmalo hwa?" Ban ko ɗaga kai ba na ce, "Na'ura ta aika mishi, shi muke jira." Har yau idan na tuna yadda na faɗi maganar nan ina taunar cingam, sai kunya ta kama ni.

Da safiyar Juma'a matar Yaya tana yi mini kitso a tsakar gida. Ni da ita kullum cikin tsokana muke, ina ce mata baƙauyiyar Kalmalo, tana ce mini 'yar boko mai ƙona tuwo. Ran nan kuwa shiru, sai jan gashi kawai.

"Amaryarmu, wa ya taɓa ki?" na ce. "Ko Yaya ya hana kuɗin kifi?"

Ta ce, "Inna ta kira ni shekaranjiya. Wai Baba kwana huɗu ke nan shina ban ruwa da bokiti."

"Ina injinshi?"

"Shina wajenku mana. Tun Asabar anka kai."

Na juyo da rabin kitso na ce, "Tun shekaranjiya kin sani? Mi ya hana ki hwaɗa ma Yaya?"

"Ke kuma! In buɗe bakina in ce ma yayanki ya yi ma ubana sauri? Da wane ido? Baba ma cewa ya yi kada wanda ya kuskura ya hwaɗa. Shi ya hana ɗan kabu-kabun ambatar sunanshi, wai kada a tsallake na mutane a yi nashi don surukuta."

Ban san lokacin da na zura hijabi a kan rabin kitson ba. Daga gida zuwa shago ba nisa, amma ran nan sai na ga hanyar ta ƙi ƙarewa. Ina tafe ina addu'ar Allah ya sa wani shagon aka kai, Allah ya sa ita ce ba ta ji daidai ba. Ni ba manomiya ba ce, amma duk wanda ya tashi a garin nan ya san albasar da aka dasa jiya-jiya ba ta da haƙurin ƙishirwa. Kuma na san gonar nan ita ce abincin gidan na shekara.

Na tsaya gaban takardar bango na bi ta da yatsa sau biyu. Babu Kalmalo. Har na fara sauke numfashi, sai maganar Kawu ta ranar Litinin ta faɗo mini. Na kunna kwamfuta, sau uku ina kuskuren lambar sirri. Na rubuta Kalmalo a wurin nema. Ga shi nan ya fito da ɗan rubutu toka-toka: jiran amsar mai shi, kwana shida. Na'urar tana sane, tana ƙirga kwanakin ɗaya bayan ɗaya, ni ce na ce mata ta yi shiru.

Na kira lambar ɗan kabu-kabun. Ya ce i, ya ga wani saƙo ya shigo, ya ɗauka irin na kamfanin waya ne masu tallar waƙa, ya goge. Ko da ma ya kai wa tsohon, shi ajami yake karantawa.

Yaya yana bakin shago yana shan koko. Tun Talata ya dawo, kuma ya wuce ta gaban kantar baya ya fi sau ashirin, amma wa zai duba abin da takarda ba ta ambata ba? Na tsaya a kansa. Na fi son ya zage ni a gaban kowa da in faɗi abin da zan faɗa.

"Yaya, injin da ke baya, mai tsagaggen gida... na Baban Kalmalo ne."

Ya ajiye kofin a hankali. "Wane Baba?"

"Surukinka."

"Tun yaushe?"

"Tun Asabar."

Ya cire hula ya riƙe a hannu, ya ce inna lillahi. Wallahi da mari ya kai mini da ya fi mini sauƙi. Kawu ya fito yana goge hannu, ya ji abin da ake ciki, ya ce a hankali, "Da ni na karɓe shi, ko ban san mai shi ba, da ja na ɗaura mishi." Ba da faɗa ya faɗa ba, shi ya sa ta fi shiga.

Walda za ta ci sa'o'i, sabon gida kuwa sai an aika Sakkwato, ga shi Juma'a. Yaya ya ce a ɗauko injin shago, wanda muke ajiyewa don gwaji, a ɗora a bayan motar a-kori-kura tare da tiyo da galan ɗin fetur. Na ce zan bi shi. Ya ce me zan je yi. Na ce ni na ɓata, ni zan faɗa da bakina. Ya dube ni da kaina rabi a tsefe ƙarƙashin hijabi, ya buɗe mini ƙofa.

Muka kama hanyar Kalmalo. Ni dai ina ta kallon gonakin mutane, kore shar, injina suna ta ƙugi. Ina ta ƙirga kwanaki a yatsa kamar ƙirgawar za ta rage su.

Tun daga nesa muka hango shi. Dogon tsoho siriri, ya naɗe wando zuwa gwiwa, bokiti biyu a hannu, yana hawowa daga bakin ruwa yana tsayawa yana hutawa. Fangulan albasar da ke kusa da tabki suna nan da ransu, waɗanda ƙarfinsa ya iya kaiwa ke nan. Na can sama kuwa sun kwanta, sun yi fari, ƙasar ta tsattsage. Ban ƙirga ba, amma ido ba mudu ba ne, ya san kima: kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi.

Yaya ya cire takalmi tun daga bakin gona, ya durƙusa nesa, kansa a ƙasa, yana gaisuwa da muryar da ban taɓa jin sa da ita ba. Tsohon ya amsa yana kallon gefe, yana tambayar gida da aiki da gajiyar tafiyar Kano, kamar ba abin da ya faru. Babu wanda ya ambaci inji a cikinsu. Na ga idan na bar su, haka za su gama gaisuwa su rabu. Sai na durƙusa ni ma na ce, "Baba, laihina ne. Yaya bai san injinka na shago ba sai yau." Na kwashe duka na faɗa masa, da matakan, da saƙon, da akwatin, ina yi hawaye na zuba.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "To ita na'urar taku, mi ta rubuta a kan injin nawa?"

Na ce, "Ta rubuta ana jiran amsar mai shi."

Ya yi ɗan murmushi, ya duba tafin hannunsa da igiyar bokiti ta yi wa kanta. "Ikon Allah. Kuna can kuna jirana, ni ina nan ina jiranku. Kowa ya yi ladabi." Ya nuna fangulan sama da haɓa. "Waɗancan ne kawai ba su iya ba."

Yaya ya tashi ba tare da ya ɗaga ido ba, ya haɗa tiyo, ya ja igiya. Injin ya yi tari sau biyu ya ɗauka. Na tsaya ina kallon ruwa yana bin kwari yana shiga fangali ɗaya bayan ɗaya, har ya kai na saman, ya kewaye matattun ganyen ya wuce. Tsohon ya kife bokitinsa ya zauna a kai.

Washegari ban buga jeri ba sai da na sake tsarin. Na mayar da alamar da na cire. Na sa duk aikin da ke matakin jira, kowane iri ne, ya hau saman takarda, idan ya kwana ɗaya ya koma ja. Na ƙara gurbin sunan wanda zai kai magana da baki a cikinmu, matakin ba ya karɓuwa sai an cike shi. A fom ɗin karɓar aiki kuma na sa tambayoyi biyu a sama da suna da lamba: me aka shuka, yaushe aka yi dashe. Sannan na ɗauko kwalin tsummokara na ajiye a gaban Kawu. Ya zaɓi ja guda ɗaya ya ɗaura a hannun kwamfutata, yana nan har yau.

Da aka cire albasa, tsohon ya aiko wa gidanmu rabin buhu, a shekarun baya kuwa buhu guda yake aikowa. Ɗan aiken ya ce Baba ya ce a ba 'yar boko haƙuri, bana abin bai yi yawa ba. Matar Yaya ta koma tsokanata kamar da, amma ni na daɗe idan ina yanka albasar nan, ba yajinta kaɗai ke sa ni hawaye ba.

Abin da na koya shi ne, na tsara na'urata don mutanen da ke ɗaga murya idan an ɓata musu, alhali ina zaune cikin mutanen da kunya da kawaici ke sa su ɗauki bokiti su yi shiru. Yanzu duk wanda ya kira ni in tsara masa irin wannan manhaja, idan muka zo kan matakin jira sai in tsaya in tambaye shi: wa zai tashi ya je? Domin a garinmu, wanda bai zo ya yi ƙorafi ba, sau da yawa shi ne wanda ya fi kowa shan wuya.