Yaya Injiniya da Ciyawarsa

Yayana dai kowa a layinmu Injiniya yake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa sunan. Gyaran waya yake yi a wani ɗan shago ƙarƙashin bene, gaskiya ya iya, wayar da ta faɗa ruwa ma tashinta yake yi. Amma kwamfutar da ke bayan shagon, kai! Kibod ɗin nan in ka kife shi ɓawon gyaɗa ne zai zubo da gashin gemu, harafi uku sun manne da shayi, linzamin kuwa maiƙo kamar an soya shi. A kanta muke buga wasan nan na takobi da dodanni, shi da jaruminsa ni da jarumata.

Cutarsa ɗaya, mod. Mod wani ƙari ne da mutane ke haɗawa su sa a intanet, ka sauke ka liƙa wa wasan ya ƙaro maka doki ko gida ko makami. Mai hankali goma sun ishe shi, Yaya ɗari biyu da sittin gare shi, kuma ba ya karanta bayanin ko ɗaya, hoto kawai yake kallo, akwai wanda duk aikinsa shi ne ya sa kaji su yi ƙiba.

Ni ɗaya tal na roƙa, na gida a bakin tafki mai akwatin ajiya. Wata takwas ina tara kaya a akwatin nan duk Asabar in na gama wanki, sulke, duwatsu masu tsada, da takobin da sai da dodon kogo ya kashe ni sau goma sha tara kafin na ƙwato.

Ranar nan ya sauke na ciyawa, wai tana kaɗawa in iska ta busa. Shikenan wasa ya rikice, ka shiga gari allo ya daskare, mutane na yawo ba kai, doki na tafiya a sama. Na ce Yaya cire ciyawar mana, ai ita ka sa ƙarshe. Ya ce, "Ke Auta me kika sani? Ciyawata lafiyarta ƙalau, wani ne ke faɗa da ita."

Dabararsa kullum ita ce ya kashe rabin mod ɗin ya gwada, in bai gyaru ba ya sake rabawa, har ya kama mai laifi. Dabara ce ban ƙi ba. Amma da sebin ɗin wa ya gwada, wato ajiyar inda mutum ya kai a wasan? Nawa! Wai nasa ya yi nisa ba ya son a taɓa. Gidana na cikin rabin da ya kashe, wasan ma ya fito da gargaɗi ɓaro-ɓaro cewa wasu abubuwa za su ɓace, ya danna eh da yatsansa mai maiƙo ko dubawa bai yi ba, sai ga kwastoma da fasasshiyar waya, ya tashi ya bar jarumata tsaye kusan awa guda, wasan ya yi ta sebin da kansa yana danne na da.

Da ya dawo ya kunna min gidan, na ruga na buɗe akwati. Wayam. Ko tsinke.

Na ce ina kwafin da na ce ka ajiye min? Ya sosa gemu ya ce, "Au, foldar nan? Na goge, ciyawar na son wuri."

Ko kuka ban yi ba. Na kai ƙara gida, Inna ta ce, "Yanzu a kan gidan cikin talabijin kike ɗaga min murya?" Bayan kwana uku ya kama mai laifin, ciyawar ce, ya cire ta shiru, har yau bai ce min yi haƙuri ba.

Na sake daga farko, jaruma da sanda da riga ɗaya. Sebin ɗina yanzu a filashi yake, na rataye shi a wuya da zare. Jiya ya ce in ara masa filashin zai sauke mod ɗin ruwan sama a kai, na ce je ka wanke hannu tukuna, ya je ya wanko har da sabulu, na ce na fasa.