Sunan da Ban Faɗa wa Likita Ba

Wata takwas bayan rasuwar ɗana na fari, 'yata ta kai ni asibiti a Samaru. Abinci ya fita raina, aji kuma sai in shiga in tsaya da alli a hannu, ɗalibai suna kallona. Likita ya ce ciwon damuwa ne. Ya rubuta magani, ya haɗa ni da wani matashi da zan riƙa zama da shi duk Talata muna magana.

Yaron kirki ne, ba zan ɗauki alhakinsa ba. Amma a zama na biyu ya ce, "Mama, ki faɗi sunansa. Ki kira shi da ƙarfi."

Na dube shi. Ɗan fari fa! A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Shekara ashirin da bakwai "wannan yaron" nake cewa.

Na ce, "Ɗana, ba a yi."

Ya ce, "Ai matsalar ke nan, Mama."

Raina ya ɓaci sosai. Wato tarbiyyar da uwata ta yi mini ita ce cutar. Na ƙara zuwa sau ɗaya don kara, sannan na ce wa 'yata na warke. Ta san ƙarya nake. Ni ma na sani, don har na fara rubuta takardar barin aiki.

Wata malamar makarantarmu, 'yar kudancin Kaduna, ta zo duba ni. Da na gama mita ta ce, "Don tela ya ɓata miki ɗinki ai ba kya daina sa kaya." Ta kwatanta mini wata mata mai irin aikin matashin nan a Sabon Gari, wajen Muchia. Na yi sati biyu ina ja, sannan na hau keke na tafi.

Na tarar da matar, sa'ata ce, har da furfura. Kafin in zauna na ce, "Tun wuri, ba zan faɗi sunansa ba."

"Ban tambaye ki ba, Malama. Wane abinci yake so?"

Na ce ɗanwake, da yaji har ya yi ta tari. Daga nan ban san yadda aka yi ba. Na gaya mata yadda yake gyara wa maƙwabta fanka kyauta, da yadda yake raka ni tasha ya tsaya sai mota ta tashi. Na ce ina sonsa fiye da sauran, Allah ya yafe mini. Awa guda ina yabonsa, abin da ban taɓa yi a gaban mutum ba, shi kansa bai taɓa ji ba.

Ban warke a ranar ba. Na koma gida da ciwon kai, na kwanta.

Amma kafin in baro wurin matar, a bakin ƙofa ta tambaye ni ko zan dawo sati mai zuwa. Na ce zan dawo, ko rabin labarinsa ban ba ta ba.