Zaren Likkafanin Gwaggo

Da saƙa na fara neman na kaina. Bayan rasuwar mijina na koyi riƙe kwarashi a wurin wata malama da aka turo Gaya tana koya wa matan aure karatu da sana'a, kuma kafin shekara ta zagayo hular jarirai da safar da nake saƙawa da ulu sun shiga gidajen suna har Ajingi. Daga nan na fara saro ulun da kaina daga Kano, na haɗa da yadi, ina shiga gida-gida ina sayarwa. Kaɗi kuwa ban ɗauke shi sana'a ba. Na ga mata suna kwashe mako a kan mazari, abin da za a ba su bai kai na hula ɗaya ba, ga kuma zaren kanti ya fara cika kasuwa. Na ce wannan aikin tsofaffi ne, da su zai tafi.

Gwaggona, yayar mahaifina, ita ta riƙe ni tun daga yaye, a Balan. Ba ta taɓa haihuwa ba. A kaɗi kuwa duk yankin an san ta, don zarenta siriri ne mai ƙarfi, irin wanda masaƙa ke biyowa har gida.

Wata kaka, bayan an gama yaƙin basasa, na kai mata ziyara na tarar hannunta na dama ya fara rawa. Ta jawo wata babbar ƙwarya daga ƙarƙashin gado ta buɗe. Cike take da curin abawa, wato zare mai kauri da taushi wanda masaƙi ke jefawa a ƙoshiya.

Ta ce, "Na likkafanina ne. Daga audugar bayan gidan nan. Saura zaren tsaye, siririn da ake miƙawa a tsawon ƙyalle."

Na ce, "Gwaggo, ke da kike gwanar siriri, shi ne kika bar shi a ƙarshe?"

"Duk wanda na kaɗa sai masaƙa su zo su yi mini daɗin baki in sayar. Ina cewa ai hannuna ne, ba inda za shi. To ga shi ya tafi."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne, ranar kasuwa zan sayo mata mai kyau a wurin wata makaɗiya. Ta girgiza kai. Na ce ai malamai sun ce kowane farin ƙyalle mai tsarki ya isa. Ta ce ta sani, ba ta ce wajibi ba ne, so take yi. Uwarta da zaren gida aka rufe ta, kakarta ma haka. Audugar gida take so, da hannun gida.

"Kuma hannun gida ke kaɗai kika rage, uwar ciniki. Zo ki zauna da ni ranin nan in koya miki."

Na yi mata alkawarin zaren. Zaman ne ban yi alkawari ba, don lokacin sanyi shi ne kasuwar mai saƙa. Na ɗauko buhun audugarta na dawo Gaya ina tunanin hanyar da ta fi gajarta.

Sai ga ta ta zo da kanta. Malamar nan tawa aka yi wa mijinta canjin wurin aiki, tana rage kaya, a ciki har da keken kaɗi. Na katako ne, da ƙafa ake taka shi, wili yana juyawa, zare yana naɗe kansa. Ta ce abin da mazari zai yi a mako shi zai yi a yini. Na duba shi sama da ƙasa kamar mai sayen akuya, na kushe igiyarsa, na taya, ta yi albarka, na ƙara kaɗan, ta sallama. Da na ɗora shi a kai zuwa gida, ji nake babu wadda ta kai ni wayo a garin.

Matan unguwa suka yi ta zuwa kallo. Wata tsohuwa maƙwabciyata ta zagaya shi ta ce, "Ikon Allah! Yanzu kuma da ƙafa ake kaɗi? Saura a fara tuƙa tuwo da gwiwa." Aka yi dariya, ni ma na yi. Na ba da audugar aka gurje, aka shiɓe, na zauna. Makon farko wahala ce zalla, ƙafa ta tafi hannu ya tsaya, hannu ya tafi wili ya koma baya. Daga baya suka daidaita. Kuma gaskiya na ji daɗinsa. Akwai wani abu a ganin auduga tana fita daga tsakanin yatsunka tana zama zare da ban taɓa samu a ulun kanti ba. Na kan saƙa huluna da safe, bayan azahar in hau keke. Kafin zafi ya shigo na tara curi mai yawa, fari tas, mai laushi.

Ranar kasuwar Ajingi na kai wa wani dattijon masaƙi wanda ya daɗe yana sayen zaren Gwaggo. Na same shi a rumfarsa, ƙafafu a rami. Na gaishe shi, na faɗa masa na mene ne. Ya warware kamu ɗaya, ya naɗe a yatsunsa biyu, ya ɗan ja. Ya rabu ba ko ƙara.

"'Yata, ai abawa kika kawo mini."

"Baba, zaren tsaye ne."

"Tsaye? Wannan ko a kwance sai an lallaɓa shi. Abawa ce mai kyau, ban raina ba, in za ki sayar ina so. Amma in na yi wadari da wannan, na ɗaura wa dutse ya ja, kafin in ce bismilla ya tsinke. Hannunki ya saba da ulu, shi ya sa kike tausaya wa zare. Na tsaye ba a tausaya masa, murɗa shi ake har ya yi kuka."

Abawa kuwa ita ce abin da Gwaggo take da shi cike da ƙwarya. Na kwashe rani guda ina ƙara ruwa a kogi, na kuma cinye kusan rabin audugarta.

Nan ne ya kamata in wuce Balan. Amma mai ciniki ba ta son yarda cewa ta yi sayen banza. Na koma kan keke na ce sai na fitar da siriri. Audugarmu gajeren gashi gare ta, shi kuma keken yana fizgar zare yana naɗewa tun bai murɗu ba. In na sirantar sai ya tsinke. In na riƙe don ya murɗu sai ya cukurkuɗe. Na sassauta igiya, na shafa man gyaɗa, na kira kafinta ya rage masa ja. Ban ce keken ba zai iya ba, wataƙila a hannun wata zai yi. A nawa bai yi ba. Ina cikin wannan kokawa ruwa ya sauka, aka yi shuka.

Sai da gero ya kai gwiwa na shiga Balan da sauran audugar a kai. Gwaggo tana zaune a ƙofar ɗaki, ta rame, rawar ta kama ɗaya hannun.

"A'a, uwar ciniki, a ƙasa kika zo? Ina keken? Na ji an ce har Ajingi ya kai ki."

"Gwaggo, a yi haƙuri."

"Wanke hannunki, kina warin man gyaɗa."

Ta ba ni mazarinta, wanda tsinkensa ya yi baƙi ya yi santsi saboda riƙo. Ta nuna mini yadda ake dangwalar alli a yatsu don kada su zame, a kafa gindin mazari a kan 'yar fata, a murza, a ja audugar sama a hankali. Mazari ba ya fizga. Yana zaune a ƙasa yana juyi, yana jira har zaren ya ƙoshi da murɗi. Ita ba ta iya riƙewa, sai dai ta sa ido ta sa baki.

"Kin sake shi da wuri. Wa yake koran ki?"

"Kar ki ja kamar kina ƙwace canji."

Idan ya yi kyau ba ta yabo, sai dai ta miƙo hannu ta taɓa, ta ce, "To."

Damina guda na yi a can, kuma ban taɓa yin zama mai daɗinsa ba. Tana ba ni labarin mahaifina yana yaro, da shekarar da fara ta cinye musu dawa, ina murza mazari, ruwa yana zuba daga indararo. Zaren farko ta sa na ajiye gefe. Zuwa lokacin cirar gyaɗa, na aika wa masaƙin da curi ɗaya, ya aiko cewa wannan zai tsaya. Sai dai kaɗin siriri ba ya sauri, likkafanin mace kuma yana cin yadi. Mun wuce rabi, kuma audugar ta ƙare, don wadda na ɓata a keke ba ta dawowa. Dole a jira ta bana ta fashe.

Na ce bari in leƙa Gaya kafin nan in sallami masu jiran kayan sanyi. Ta ce in je, ciniki ma ibada ne in an yi gaskiya. Ta ce in taho mata da goro fari.

Ban cika mako biyu ba, da hantsi, ɗan ƙanin mahaifina ya yi sallama a kan keken hawa. Da na ga fuskarsa ban tambaya ba. Bayan asuba Gwaggo ta cika. Gawa ba ta jiran masaƙi, wannan kowa ya sani. Na shiga ɗaki na jawo bandir ɗin alawayyo mafi kyau a cikin kayan sayarwata, na auna, na yanka da almakashina, na ba shi ya yi gaba, na biyo bayansa. Da shi aka rufe ta kafin azahar. Matan da suka yi mata wanka suna ta yaba kyan yadin, ni kuwa ina kallon ƙwaryar nan a ƙarƙashin gado.

Na sha yin lissafin. Da na zauna a ranin da ta ce in zauna, da audugar ta isa, da an saƙa kafin damina, da ta taɓa shi da hannunta ta ce "To." Ba ta taɓa yi mini gorin wannan ba, ko sau ɗaya, ban da tsokanar keke.

Da audugar ta fashe na je na tsince ta, na ƙarasa zaren a kan mazarinta. Masaƙin ya yi wadari da nawa, ya jefa abawarta, bai tsinke ba. Ya kawo mini da kansa har Gaya, ya ƙi karɓar ladan saƙa. Keken kuwa na sayar wa wata mai yin zaren bargon luru, har da 'yar riba. A kansa ban yi asara ba.

Farin ƙyallen yana cikin adakata, na naɗe shi da ganyen darbejiya saboda asu. Na gaya wa 'ya'yana ko na wane ne yanzu, da inda mabuɗin yake. Masaƙin ya rasu, rumfarsa ta zama shagon mai faci, kuma a jikokina babu wadda ta san abin da ake yi da alli a yatsa. Wani lokaci na kan fito da shi in shanya. Idan na ɗaga shi a rana ina gane zaren: na tsayen nawa ne, akwai inda ya yi kauri, akwai ƙulli nan da can. Na kwancen kuwa sumul yake daga baki har baki.