Mai Tsayuwa a Bakin Tukunya

Tsinke ake ce masa a wurin aiki, kuma wanda ya raɗa masa sunan bai zalunce shi ba. Tun yana saurayi haka yake, dogo, ba ƙugu ba kafaɗa, in ya juya gefe sai ka neme shi. Wannan ramar ce ma ta samar masa abin yi. Ranar da kamfanin canjin tsakuwa ya zo ɗaukar ma'aikata, ba a tambayi kowa takardar makaranta ba. Wani zoben ƙarfe aka jingine, daidai faɗin bakin tukunya, aka ce kowa ya ratsa ta ciki. Ƙattai suka yi ta maƙalewa ana sheƙa dariya, shi kuwa ya wuce ko rigarsa ba ta taɓa ƙarfen ba.

Tukunyar da ake nufi ba ta girki ba ce. Ƙatuwar ganga ce ta ƙarfe a tsaye, ta ɗara gidan bene tsawo, irin wadda ake kafawa a masana'antun sarrafa iskar gas. Cikinta cike yake da wasu 'yan ƙwayoyi masu launin toka, kowace da hujojinta, an haɗa su da ƙarfen nikel. Injiniyoyi katalis suke kiransu, ma'aikata kuwa ba su da lokacin wahalar da harshe, tsakuwa kawai suke cewa. Ana turo gas da tururi mai zafi su ratsa ta cikin tsakuwar nan, sai gas ɗin ya farfashe ya koma wata iska dabam wadda ake haɗa takin zamani da ita. A wasu tukwanen kuma, abin da ke fitowa shi ake mayarwa roba da leda. Ita tsakuwar ba ta ƙonewa, ba ta bin kaya ta fita, aikinta ta zauna a ratsa ta. Amma tana gajiya. Bayan 'yan shekaru baƙin hayaƙi ya toshe ta, farar wuta ta kashe mata ƙarfi, sai a tsayar da masana'anta a kira su Tsinke su kwashe tsohuwa su zuba sabuwa.

To, a nan mugun abin yake. Tsohuwar tsakuwa in ta haɗu da iskar duniya, da kanta take kamawa da wuta. Don haka kafin a buɗe tukunya sai an cika ta da naitirojin, wadda ma'aikata ke kira matacciyar iska. Ba ta da wari, ba ta da launi, kuma ba ta yi wa mutum kirkin ya ji yana shaƙewa. Zuƙa ɗaya ko biyu, sai dai a ga ka zube. Mai shiga ciki hular roba yake sawa wadda ta manne wa fuska, tiyo na kawo masa numfashi daga sama, ga igiya a ɗaure a bayansa. A saman kuma akwai mai igiya, yana durƙushe nesa kaɗan da bakin tukunyar, da oba-oba a kunnensa, yana sauraron na ciki.

Doka ɗaya ake nanata wa mai igiya tun ranar farko. In na ciki ya faɗi, ka ja igiya, ka buga ƙararrawa, ka jira mai jiran ko-ta-kwana ya shirya ya sauka. Kada ka leƙa, kada ka bi shi, ko da ubanka ne. Tsofaffin ma'aikata sun ga isasshen misali: da wuya a ciro gawa ɗaya daga tukunya, yawanci biyu ce ko uku, wanda ya faɗi da waɗanda suka bi shi don su cece shi.

Tsinke ya iya aikin, ya kuma so shi, abin da ba ya faɗa wa kowa don kada a ce kansa da motsi. Da ƙanensa Auta ya gaji da zaman banza, shi ya kai shi kamfanin. Auta ba siriri ba ne, sai da ya tsuke ciki ya riƙe numfashi kafin ya ratsa zoben, ya fito yana cewa ai ƙarfen ne ya kumbura. Mutum ne mai surutu, in yana ƙasan tukunya yana jan tiyon zuƙar tsakuwa, waƙa yake rerawa a oba-oba da muryar da ko ɗan jariri ba za ta lallasa ba. Tsinke ya yi ta yi masa tsawa cewa layin nan ba na waƙa ba ne, amma a ransa yana jin daɗi, don muddin ana waƙa an san mutum na numfashi.

Gida ɗaya suke zaune da mahaifiyarsu, ɗakuna biyu da ɗan siririn lungu inda ake shanya. Inna ba ta taɓa sanin takamaiman abin da 'ya'yanta ke yi ba. Sun ce mata zuba tsakuwa suke, ta ɗauka aikin gini ne, su kuma suka bar ta a haka. Abin da ke damunta kawai shi ne ƙaiƙayin da suke dawowa da shi, don ƙurar nikel ba ta barin fata lafiya. Takan zaunar da su a bakin ƙofa, manya da su, ta shafa musu mai a wuya da bayan hannu tana mita. Babba take ce wa Tsinke. Kullum za su fita sai ta ce, “Babba, ga ƙanenka nan, amana.”

Ƙaiƙayin nan ne ya jawo komai. Wani lokaci ƙuraje suka feso wa Tsinke a haɓa, reza ba ta taɓuwa, ya kwana biyu bai yi aski ba. Ga shi ranar shi ke da shiga. Kafin a sauka akwai gwajin da ake yi: ka sa hula, ka toshe mashigar iska da tafin hannu, ka zuƙa. In ta manne wa fuska, lafiya lau. Tsinke ya zuƙa, ya ji sanyi na silalowa ta gefen haɓa. Ya ƙara ɗaure madauri, ya sake, haka dai. Ɗan gashin da bai kai a kira shi gemu ba ya hana robar zama.

“Yaya, ba ni hular nan,” in ji Auta. “Kai yau ka zauna ka sha iska kamar manyan mutane. Ka dai riƙe ni da kyau.”

Da hantsi Auta ya sauka. An riga an ci rabin tukunyar, amma tsakuwar ta dunƙule ta manne a jikin bango, ta yi tudu sama da kansa. Yana cikin waƙarsa Tsinke ya ji wani ruguguwa a kunne, waƙar ta yanke. Tudun ne ya rufto. Ya binne Auta har ƙirji, ya danne tiyon numfashi ya lanƙwasa shi.

Tsinke ya buga ƙararrawa, ya ja igiya da hannu biyu, aka taya shi da injin ja, igiyar ta miƙe ta tsaya cik. In aka ƙara, mutum za a raba biyu. Mai jiran ko-ta-kwana yana gefe ana sa masa kaya, madauri ya ƙi shiga. Auta na da 'yar kwalbar iska a ƙugu don irin wannan rana, amma ba ta daɗewa, balle ga mai haki.

“Yaya,” in ji muryar a oba-oba. “Yaya, ƙafata. Zo ka tone ni.”

“Ana zuwa. Yi numfashi a hankali, kada ka yi magana.”

“Kai ka zo, Yaya.”

Daga inda yake yana hango hasken fitilar goshin Auta can ƙasa, tana motsi. Tsani na nan a gabansa. Ya ɗora ƙafa ɗaya a matakin farko, kuma babu wanda ya lura, kowa na kan mai shirin sauka. Ya san abin da zai faru, an koya masa, shi ma ya koya wa wasu: kafin ya kai mataki na biyar zai saki tsanin ya faɗo a kan ƙanensa. Ya janye ƙafar. Ya koma ya durƙusa da igiya a hannu, yana ta magana a oba-oba, yana cewa ga su nan, ga su nan, har fitilar ta daina motsi. Da aka sauka aka tone Auta aka jawo shi, an yi ta danna masa ƙirji a kan dandamalin ƙarfen, amma rai ya riga ya yi halinsa.

Shugaban aiki ya dafa Tsinke ya ce ya yi daidai. Masu bincike ma da suka zo daga baya haka suka ce. Kowa ya faɗa masa ya yi daidai, har ya tsani kalmar.

Inna ba ta yi kururuwa ba. Bayan mutane sun watse ta kira shi ɗakinta, ta sa ya faɗa mata komai, tun daga tukunya har matacciyar iska. Shi kuwa, da yake bai iya ƙarya ba, har maganar haɓarsa bai ɓoye ba.

“Wato kai ne da shiga,” ta ce.

“Ni ne, Inna.”

“Ya kira ka?”

“Ya kira ni.”

“Wa ya riƙe ka?”

Ya so ƙwarai a ce akwai wanda ya riƙe shi. Ya ce, “Ba kowa, Inna. Da na shiga, da gawa biyu aka kawo miki.”

Ta dube shi, ta ce ya ja mata ƙofa.

Daga ranar ba ta sake ce masa Babba ba. Ba ta zage shi ba, ba ta kore shi ba, in ya gaishe ta tana amsawa kamar yadda ake amsa wa mai karɓar kuɗin wuta. Da ƙanwar Tsinke, wadda Auta ke bi, ta yi aure, Inna ta tattara kayanta ta bi ta. Tsinke ya yi aure shi ma, ya haifi 'ya'ya mata biyu, yana kai su su gaida kakarsu. Takan jawo su jikinta ta yi musu wasa, shi kuwa ya tsaya a bakin ƙofa har a gama. Abin da yake nema a duniya bai wuce ta kira shi ta ce ta gane ba. Bai ma sa ran ta ce ta yafe ba, ganewar kawai yake so.

Mutane sun zaci zai bar aikin. Bai bari ba, sai dai bai ƙara shiga tukunya ba, ya zama mai igiya na dindindin. Reza na aljihunsa kullum, kuma duk wanda ya zo da gashi a haɓa sai ya kore shi ya je ya aske, ko da shugaba ne. Ya zama mai faɗa, ba a son zama kusa da shi lokacin cin abinci. Wata shekara wani ya suma a cikin tukunya, aminin mutumin ya zabura zai faɗa ciki ba hula. Tsinke, da ramarsa da komai, ya rungume ƙaton nan suka zube a kan dandamali, ya sha naushi har haƙori ya fita, bai sake shi ba. Na cikin bai rayu ba. Wanda aka riƙe yana nan da ransa, 'ya'yansa sun girma, kuma har yau in ya hango Tsinke a hanya tsallakawa yake ɗaya gefen.

Shekaru suka tura. Ƙirjin Tsinke ya fara ƙara in ya hau tsani, likitan kamfani ya saurara ya ce ya isa haka. Ya koma gida da tari da hannuwa masu saɓa. A wannan lokacin ne ƙanwarsa ta aiko cewa Inna ta kwanta, kuma rikicin tsufa ya kama ta, ba ta gane mutane sosai.

Da la'asar ya je. Ɗakin ƙarami ne, taga ɗaya, fanka na juyi a hankali, ga kwalaben magani a kan kujera. Ya tsaya a inda ya saba tsayawa. Inna ta juyo da kai, ta ƙura masa ido, sai fuskarta ta saki gaba ɗaya, irin sakin da rabonsa da gani tun kafin ranar nan.

“Shigo mana,” ta ce. “Me kake yi a tsaye?”

Ya shiga ya durƙusa a gaban gadon. Ta kama hannunsa tana shafa saɓar, tana tsaki.

“Dubi yadda ƙaiƙayin nan ya cinye ka. Ka rame, Auta. Ba sa ba ka abinci ne a can?”

Ƙanwarsa ta buɗe baki za ta gyara mata, ya girgiza mata kai. Ya san ba shi ake shafawa ba, amma ya kasa janye hannun.

“Suna ba ni, Inna,” ya ce.

Ta sa aka miƙo mata mai, ta shafa masa a wuya da bayan hannu, tana mitar nan tata ta da. Hawaye na zubo masa bai share ba. Ta ce ta san zai fito, ita dama ba ta taɓa yarda da maganar mutane ba. Can ta tsaya, ta dubi ƙofa.

“Ina yayanka?”

Ya ce, “Yana waje, Inna. In kira shi?”

Ta ci gaba da shafa masa hannu, a hankali, cikin ƙauna.

“A'a, bar shi,” ta ce. “Shi ai ba ya shiga.”